Binyet, fushi da asusu: tarihin masu moto na Faransa, 1979 zuwa 2024

Duk mai moto a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san takardun da ɗan sanda ke tambaya in ya ɗaga mashi hannu: permi, kartagiris, asiransi, binyet. Kalmomin nan huɗu duk aro ne daga Faransanci, mun lanƙwasa su yadda bakinmu ke so. Hausa ba ta da sautin "v", shi ya sa vignette ta koma binyet. Ni kimiyyar harshe nake karantawa a jami'a, kuma abin da aka fara koya mana shi ne kalmar aro ba ta tahowa ita kaɗai, da kayanta take zuwa. Asalin vignette daga vigne ne, wato itacen inabi. Da can sunan adon ganyen inabi ne da ake zanawa a gefen shafin littafi, daga nan ta zama sunan ƙaramin hoto, daga ƙarshe ta zama ƴar takardar da ake mannawa a gilashin mota, shaidar an biya haraji. Bin sawun wannan kalma ne ya kai ni ga tarihin da zan ba ku: a ƙasar da ta ba mu kalmar, masu moto sun taɓa tashi suka ce ba su biya, har sai da aka soke ta.

Na san wani zai ce, yo mu da muka sallami sojojin Faransa a 2023, mi ya kai mu tonon tarihinsu? To, sojoji sun tafi, amma takardun nan huɗu suna nan cikin aljihunmu, kuma tsarin dokokinmu na hanya da na haraji a kan nasu aka ɗora shi. Wanda ya gaji riga gara ya san inda ta taɓa yagewa. Abin da nake so in nuna shi ne: zanga-zangar masu moto ta yi nasara wani lokaci, wani lokacin ta sha ƙasa, amma dalilin da ya sa har yau gwamnati ke sauraren su shi ne abin da suka gina bayan sun sauka daga titi.

Kafin fushi

An ƙirƙiro binyet a Faransa a 1956, zamanin gwamnatin Guy Mollet, aka ce za a riƙa tallafa ma tsofaffi marasa ƙarfi da kuɗɗin. Motoci ta shafa. A waccan lokaci moto abin hawan wanda bai kai ga sayen mota ba ne, kuma da ƙananan motoci suka yi araha sai kasuwarsa ta faɗi. Japanawa ne suka farfaɗo da shi. A 1969 kamfanin Honda ya fara sayar da CB750, babban moto mai silinda huɗu, mai gudu, kuma kuɗɗinsa bai fi ƙarfin matashin da ke aiki a masana'anta ba in ya daure ya yi tari. Yamaha, Suzuki da Kawasaki suka biyo baya. Cikin ƴan shekaru samari suka rungumi babura. (Ku lura, dole na ce "babura": jam'in "motoci" mota ta riga ta kama shi, sai mu ari na maƙwabtanmu na kudu.)

Duk daren Juma'a masu babura na taruwa a dandalin Bastille cikin Paris, daga nan su zarce Rungis, babbar kasuwar sarin kayan abinci da ke kudu da birnin, su yi ta tsere a kan hanyoyinta cikin duhu. Ba filin tsere ba ne, ba a gyara shi don haka ba, matasa da dama suka mutu a wurin. Ƙasar ma gaba ɗaya tana cikin bala'in haɗari: a 1972 kaɗai mutum fiye da 16,000 suka mutu a kan hanyoyin Faransa. A 1973 aka wajabta kaske ga masu manyan babura. A 1977 wata budurwa mai suna Carole ta rasu a Rungis, mutuwarta ta tada hankali ƙwarai, masu babura suka matsa a ba su wurin da za su yi gudu ba tare da sun kashe kansu ba. A ƙarshen 1979 aka buɗe masu fili a arewa maso gabashin Paris, aka sa mashi sunanta, Circuit Carole. Har yanzu yana aiki.

Shekarar binyet

A wannan shekara ta 1979 abubuwa uku suka haɗu masu. Na farko, gwamnatin shugaba Jiskar Destan da firaministansa Remon Bar ta kawo binyet ga baburan da girman injinsu ya wuce 750 cm³. Don ku gane, yawancin baburan da ƴan kabu-kabu ke hawa a nan 100 ne zuwa 125. Na biyu, aka shirya sake tsarin permi, aka raba shi aji-aji bisa girman inji. Na uku, kamfanonin asiransi suka yi ta ƙara kuɗɗi, har ta kai saurayi na iya sayen moto amma ya kasa biya mashi asiransi. Wanda kuwa ya hau babu asiransi ya karya doka.

Abin lura a nan, binyet ɗin masu manyan babura kaɗai ta shafa, su kuwa tsiraru ne. Mai ƙaramin moto na iya cewa babu ruwanshi. Ba su yi haka ba. Sun karanta harajin a matsayin saƙo cewa hukuma na kallon moto kayan alatu ne na ƴan iska, kuma in an gama da manya za a sauko kan ƙanana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Aka yi ta jerin gwano a Paris da sauran birane, babura dubbai suna tafiya a hankali su cushe hanya, aka kuma yi kira kowa ya ƙi sayen binyet. A farkon 1980 kwamitocin garuruwa suka haɗu suka kafa ƙungiya guda, Fédération française des motards en colère, a taƙaice FFMC, wato tarayyar masu moto da ke cikin fushi.

Bari in tsaya kan sunan, don nan ne gonata. A Faransanci ɗafa-ƙeyar nan "-ard" sau da yawa ta raini ce: chauffard direban banza ne mai tuƙin ganganci, vantard mai cika baki, froussard matsoraci. Da za su so sunan da ya dace da ofis, ga motocycliste nan, kalmar takarda. Sai suka zaɓi motard, kalmar titi, suka ƙara mata en colère. Ƙungiyoyi kan sa ma kansu sunan haɗin kai ko ci gaba ko kare haƙƙi. Waɗannan sai suka ɗauki fushi, abin da kowa ya san yana hucewa, suka rubuta shi cikin takardar rajista. Duk ministan da zai gayyace su taro, dole sakatarensa ya buga kalmar fushi a kan takardar gayyata. Shekara fiye da 40 ke nan ana haka.

Nasarar farko ba ta daɗe ba, kuma siyasa ta taimaka. Zaɓen shugaban ƙasa na gabatowa, masu babura matasa ne masu ƙuri'a. Ranar 10 ga Mayu 1981 Faransuwa Miteran ya kada Jiskar, kuma cikin wannan shekarar aka soke binyet ɗin moto. Ta motocin gida kuwa sai a 2000 aka yanke shawarar cire ta. Ke nan takardar da mu har yau muke kira da sunanta, can inda aka haife ta mai motar gida ya daina biyanta tuni.

Daga titi zuwa asusu

Da a nan aka tsaya, da yau ba wanda zai tuna da su sai masu tonon tsofaffin jaridu. Amma matsalar asiransi tana nan, ita kuwa ba ministan da za a yi ma ihu ya sauke ta, kasuwa ce. Sai ƙungiyar ta yanke shawarar da mutane da yawa suka ɗauka wasa ne: su kafa nasu kamfanin asiransi, irin na taimakon juna, wanda masu biya su ne masu shi, babu wani mai jari a gefe da ke jiran riba. Doka ta ce sai an ajiye faran miliyan 10 na jingina kafin a ba da izini. Aka shiga tarawa. Mutum wajen 40,000 kowa ya ba da faran 280. A canjin waccan lokaci, kafin karyewar sefa ta 1994, faran ɗaya na Faransa sefa 50 ne, ke nan jikka 14 kowane mutum, jinginar kuma sefa miliyan 500. A 1983 aka haifi Mutuelle des Motards. Tana nan har gobe, hedkwatarta kusa da Montpellier.

A wannan shekarar kuma suka fara buga jaridarsu, wadda daga baya ta zama Moto Magazine, tana gwada babura da kaske da tayu tana faɗa ma masu karatu wanne ne mai kyau, wanne ne na banza. Suka kafa ƙungiyar koyar da tuƙi. Suka buɗe rassa a jihohin ƙasar, ƴan sa-kai ke tafiyar da su, suna zagayawa suna nuna ma hukumomi wuraren da hanya ke kisa. Misali ƙarfen da ake kafawa a gefen titi don tare mota: mai moto in ya zame ta ƙarƙashinsa yake shiga, ginshiƙan su yanke shi. Sun yi shekaru suna neman a ƙara wani ƙarfe daga ƙasa a kwanoni masu haɗari, aka kuma fara sawa. Haka kuɗɗin peyaji: yau moto na da ajinsa daban, ƙasa da na mota.

Amfanin wannan gini a fili yake. Kamfanin asiransi na ganin takardar kowane haɗari na mutanensa: ina ya faru, da wace irin na'ura, wa ke da laifi. Jarida na da masu karatu. Makarantar tuƙi na da malamai. Saboda haka ranar da aka zauna da gwamnati, masu moto ba da ihu kaɗai suke zuwa ba, suna da lissafi a hannu, suna da lauyoyi, sun karanta daftarin doka layi-layi.

Inda suka ci, da inda aka ci su

Kada wani ya ɗauka kullum su ke da gaskiya ko kullum su ke nasara. Gwamnati ma na da hujja mai nauyi. A shekarun nan mutum wajen 3,200 ke mutuwa a hanyoyin Faransa duk shekara, kusan 700 daga ciki masu babura ne, fiye da kashi 20 cikin 100, alhali babura ba su kai kashi 2 cikin 100 na zirga-zirgar hanya ba. Duk ministan da ya ga wannan lissafi ba zai naɗe hannu ba.

A Janairu 2012 aka fitar da doka cewa daga 2013 mai moton da ya wuce 125 sai ya sa tufafi mai ƙyalli wanda faɗinsa ya kai 150 cm². Masu babura suka fito. Aka yi zaɓe, gwamnati ta canza, sabon ministan cikin gida Manuel Valls ya soke dokar kafin ta fara aiki. Kun ga an maimaita 1981: doka ce ta cikin gida, alƙalamin minista ɗaya ya isa ya kashe ta, ga zaɓe a tsakani. Amma a Nuwamba 2016 aka wajabta safar hannu, ta zauna. Ranar 1 ga Yuli 2018 gwamnatin Édouard Philippe ta rage gudu daga kilomita 90 zuwa 80 a awa a kan hanyoyin karkara masu hannu biyu. FFMC ta yi watanni tana zanga-zanga, dokar ta fara aiki duk da haka. Sai a ƙarshen 2019 aka ba jihohi damar maida wasu hanyoyi 90.

Babbar rigimar ita ce ta contrôle technique, abin da mu muke ce ma bizit. A 2014 Tarayyar Turai ta ba da umarni cewa daga Janairu 2022 baburan da suka wuce 125 su ma a riƙa kai su bizit, sai dai in ƙasa ta nuna ta ɗauki wasu matakai da za su maye gurbinsa. Hujjar masu babura ita ce wani babban bincike na Turai mai suna MAIDS, wanda ya duba haɗari 921 a ƙasashe biyar, ya gano lalacewar na'ura ita ce babban sanadi a ƙasa da kashi 1 cikin 100. Suka ce to mi za a biya kuɗɗi a duba? A gyara hanya, a koya ma direbobin mota kallon madubi. Masu goyon bayan bizit kuwa suka ce ba haɗari kaɗai ba ne, akwai hayaƙi, akwai ƙarar salansa da aka huda wadda ke hana unguwa barci, akwai ƙananan babura da aka taɓa injinsu don su yi gudun da ya fi ƙarfinsu.

A Agusta 2021 gwamnati ta buga dokar bizit, washegari shugaba Makron ya sa aka dakatar da ita. Zaɓen 2022 na tafe, sai ka ce tarihi zai sake maimaita kansa. Amma wannan karon wasu ƙungiyoyi uku masu yaƙi da hayaƙi da hayaniya, Respire, Ras le Scoot da Paris sans voiture, suka kai ƙara Conseil d'État, babbar kotun da ke shari'a tsakanin talaka da hukuma. A Yuli 2022 gwamnati ta soke dokar ɗungurungum. Ranar 31 ga Oktoba 2022 kotun ta ce sokewar ba ta bisa ƙa'ida, ta maido da ita. Ranar 15 ga Afrilu 2024 bizit ya fara aiki, bayan masu babura sun cika tituna a ranakun 13 da 14. Yanzu sabon moto ana kai shi kafin ya cika shekara 5, daga nan duk shekara 3.

Abin da ya bambanta 1981 da 2024 a ganina shi ne wanda ke riƙe da alƙalami. Zanga-zanga na tsorata mai neman ƙuri'a, alƙali kuwa ba ya neman ƙuri'ar kowa, yarjejeniyar da ƙasa ta sa ma hannu yake dubawa. Abokan hamayyarsu ba su tara babur ko ɗaya a titi ba, takarda suka rubuta. Abin dariya kuma, Turai ɗin da ta kawo masu bizit ita ce ta kwance masu wani ɗaurin: tun tsakiyar shekarun 1980 Faransa ta hana moton da ƙarfinsa ya wuce doki 100, ƙungiyar ta yi shekara 30 tana ƙorafi, dokar Turai ce ta kawar da hanin a 2016. Sannan a Janairu 2025, wata tara bayan sun sha kaye kan bizit, aka halatta ma babura ratsawa tsakanin layukan motoci in hanya ta cushe a manyan tituna, abin da suka daɗe suna nema, bayan gwajin da aka fara tun 2016. An kada su amma ba su watse ba, don suna da gida.

Mu fa?

Akwai bambanci babba, kuma dole a faɗe shi. Bafaranshe in an tsaurara ma motonshi doka, yawanci yana da mota ko jirgin ƙasa. A nan moto shi ne abincin gidan ɗan kabu-kabu, shi ke kai mai naƙuda likita daga ƙauye, shi ke kai albasa da madara kasuwa. Mun ga abin da hana hawan moto ya jawo a jihar Diffa daga 2015, da wasu sassan Tillaberi daga Janairu 2020. Waɗancan dokokin tsaro ne, maganarsu daban. Amma sun nuna mana cewa duk dokar da ta taɓa moto a ƙasar nan, tukunya ta taɓa. Saboda haka mai moto na Nijar ya fi na Faransa bukatar a ji bakinshi kafin a sa hannu.

Abu biyu na ɗauko daga wannan tarihi. Na farko asusu. Tara kuɗɗi don taimakon juna ba Turawa za su koya mana ba: adashe namu ne, kuma tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 har wasu ƙasashe sun kwaikwaye shi. Sandikar ƴan kabu-kabu ma na karɓar kuɗɗi wurin mutanenta. Tambayar ita ce ina kuɗɗin ke zuwa, kuma ko za su iya zama asusun da zai biya maganin wanda ya karye, ya sayo kaske mai kyau da sari, ya ɗauki lauya. Dokar asiransi ta CIMA, wadda ƙasashen yankinmu suka sa ma hannu a Yawunde a 1992, Nijar na ciki, ta san da kamfanin asiransi na taimakon juna. Ƙofar a buɗe take a takarda. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu harshe. Masu moto na Faransa sun iya ja da gwamnatinsu saboda da harshen da suke hira a Bastille aka rubuta dokar. Kowa na iya karanta ta, ya ce aya kaza ba ta yi ba. A nan mutum na biyan binyet da asiransi shekara da shekaru bai taɓa jin abin da takardar ta ce da harshen da ya iya ba: mi asiransin ke biya in an yi haɗari, mi ba ta biya, nawa ne tarar rashin kaske, wace takarda ɗan sanda ke da ikon riƙewa. Wanda bai san doka ba, roƙo kaɗai ya iya a bakin hanya, in roƙon ya ƙi sai fushi, fushin kuma haushin kaza ne huce kan dami. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. In wannan magana za ta sauko daga takarda zuwa tasha, dokokin hanya na cikin abin da ya kamata a fara fassarawa, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a karanta su a rediyo tun suna daftari.

Wannan kuwa aikinmu ne, mu ɗaliban harshe da na shari'a. Shafi nawa ne dokar kaske? Shafi nawa ne sharuɗɗan asiransin moto? Mutum biyar daga cikinmu za su iya fassara su cikin hutu ɗaya, a buga a wannan injin ɗin da ke buga ɗan littafin nan, a kai tashoshin kabu-kabu a karanta masu, su gyara mana kalmomin da ba haka suke faɗarsu ba. Wanda ke da niyya ya yi magana a zama mai zuwa.